Kafin ka taya kan sarkin zamanin yaƙi a gwanjo, fara sanin ambulan

Wani ɗan'uwa ya tambaya, yace yana ganin gidajen gwanjo na Turai suna saka kan sarki da tsoffin wasiƙu na zamanin yaƙi a intanet, yana sha'awar fara tarawa musamman abinda ya shafi sojojinmu, toh ta ina zai fara, ya zai bambance na gaske da jabu, kuma wai akwai riba a harkar ko babu. Ya ƙara da cewa a gidansu akwai wasu wasiƙu na kakansa da yaje yaƙin Burma.

Toh ɗan'uwa, zan fara da abinda nafi damuwa dashi. Ka sa idonka akan ambulan gaba ɗayansa, kar ka bari kan sarkin shi kaɗai ya ɗauke maka hankali. Mafi yawan sabbin shiga kan sarkin suke bi saboda shine mai launi, shine ake gani a katalog da farashi a gefensa, amma kan sarkin da aka ɓanɓaro daga jikin ambulan ya riga ya rasa kusan duk labarinsa. A ambulan ne zaka ga hatimin gidan waya da kwanan wata, ka ga hatimin hafsan da ya tace wasiƙar, ka ga lambar sojan da bataliyarsa, ka juya baya ka ga garuruwan da ta ratsa da ranar da ta iso. Kuma ɗan jabu yana iya buga haruffa uku akan kan sarki cikin minti ɗaya, amma ya haɗa ambulan da hatimi huɗu ko biyar waɗanda duk suka dace da juna da kuma inda rundunar take a wannan satin, wannan aiki ne mai wahala sosai, shi yasa wanda ya san tarihi yafi mai kuɗi tsira a wannan kasuwar.

Bari in ɗauki Kamaru na yaƙin duniya na farko, don nan ne abin yafi kusa damu. Lokacin Kamaru tana hannun Jamus, kuma tun watan Agusta 1914 dakarun Najeriya suka shiga ta wurare uku, wasu daga Maiduguri suka nufi Mora, wasu daga Yola suka nufi Garwa, wasu ta Ikom can kudu. Farkon bai yi kyau ba ko kaɗan, an sha kashi a Garwa har kwamandan ya rasu a wurin, an kuma sha kashi a Nsanakang. Ta teku kuma Janar Dobell ya kama Duwala ranar 27 ga Satumba 1914. Garwa bata faɗi ba sai 10 ga Yuni 1915, Yawunde sai 1 ga Janairu 1916, shi kuwa Kyaftin von Raben yana kan dutsen Mora da mutanensa bai miƙa wuya ba sai 18 ga Fabrairu 1916, shine na ƙarshe a duk ƙasar. Ka riƙe waɗannan ranakun a kai ko ka rubuta su a gefen teburinka, domin dasu zaka auna kowane ambulan da aka ce maka daga can ya fito. Sojojin nan kuma da yawansu mutanenmu ne, Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya.

Kan sarkin da ake nema daga wannan yaƙin shine na Jamus mai hoton jirgin ruwan Kaiser, wato sarkin Jamus, mai suna Hohenzollern, an rubuta KAMERUN a samansa, sai Turawan Ingila suka buga C.E.F. a kai, wato taƙaitaccen sunan rundunar da aka tura yaƙin Kamaru, tare da sabon farashi na kuɗin Ingila. Asalinsu a cikin wani jirgin Jamus aka same su, Professor Woermann, wanda aka kama aka kai Freetown farkon yaƙin, aka buga musu rubutun aka fara sayarwa a Duwala a Yuli 1915. Kala 13 ne, daga na ɗari, wato rabin kwabo, zuwa kwabo, taro, sisi, har sule biyar akan na maki biyar na kuɗin Jamus. Ƙananan basu da tsada sosai, kusan kowa zai iya saye, manyan na sule sune masu nauyi, kuma a cikinsu akwai wanda harafin s ɗin ya fito a kife, wannan masu tarawa suna rububinsa. Ka kula fa, akwai wani C.E.F. ɗin daban da aka buga akan kan sarkin Indiya a 1900 don sojojin da aka kai Sin, babu abinda ya haɗa su sai haruffan. Faransawa ma sun yi nasu a Duwala ƙarshen 1915 akan kan sarkin Gabon.

Ga inda mutane da yawa basu gane ba. Sojan da ke bakin daga baya buƙatar kan sarki, wasiƙarsa ta yau da kullum kyauta ake kai masa, sai dai ya rubuta a saman ambulan cewa yana fagen yaƙi, wani lokaci ya ƙara da cewa babu kan sarki a inda yake. Kenan idan kaga babban ambulan tsaf-tsaf an jera masa C.E.F. duka 13 a layi, kowanne an buga masa hatimi a tsanake, an tura ma wani dillali a Landan, wannan na gaske ne amma don masu tarawa aka shirya shi, kuɗin da ke kai ya ninka kuɗin aika wasiƙar sau da yawa. Yana da kasuwarsa, ban hana ka saye ba. Amma ni a wurina ambulan da ya ɗan yi datti, babu kan sarki ko ɗaya, wani hafsa ya rubuto daga hanyar Banyo a Nuwamba 1915 ta biyo ta Yola ko Ibi kafin ta kai Legas ta hau jirgi, wannan yafi min wancan nesa ba kusa ba, don shi aikinsa yayi, kuma irinsa ba yawa. A katalog ɗin gwanjo na Ingila zaka ga suna rubuta kalmar philatelic akan irin na farkon, in ka ganta ka san abinda ake nufi kenan.

Togo ma haka, ita yaƙinta bai kai wata ɗaya ba, Jamusawa suka miƙa wuya ranar 26 ga Agusta 1914 bayan sun lalata tashar waya mara igiya ta Kamina da hannunsu. Rundunar Gold Coast, wato Gana ta yanzu, ce ta shiga daga yamma, rundunar da tushenta 'yan sandan Hausa ne na wancan zamanin, kuma a nan ne Alhaji Grunshi ya harba harsashin da ake lissafawa a matsayin na farko da wani sojan Birtaniya ya harba a duk yaƙin. Kan sarkin Jamus da aka samu sai aka buga musu TOGO Anglo-French Occupation a maɗaba'ar 'yan mishan ta Lome, aka raba da Faransawa suka buga nasu da Faransanci. A nan abin ya koma na awo, akwai bugun da tazarar layukansa milimita 3 ce akwai na milimita 2, farashinsu ba ɗaya ba, akwai wanda O na ƙarshe ya ɓace ya zama TOG, sannan akwai waɗanda aka samo daga baya a Sansanne Mango aka buga a farkon 1915 waɗanda wasunsu ƙalilan ne a duniya. Sabon shiga bai kamata ya fara da manyan Togo ba, gaskiya kenan. Ka fara da na 1915 da 1916 da aka buga akan kan sarkin Gold Coast, suna da araha kuma zasu koya maka bambancin bugun Akkara da bugun Landan.

Yanzu maganar jabu. Dalilin da yasa irin waɗannan suka fi kowanne cika da jabu a bayyane yake, asalin kan sarkin Jamus ɗin mai araha ne, rubutun da ke kai ne mai tsada. Kuma Jamus ta cigaba da buga kan sarkin ƙasashen da ta mallaka tana sayar wa masu tarawa a Berlin har bayan ƙasashen sun fita daga hannunta, waɗannan basu taɓa taka Afirka ba, sai suka zama kayan aikin 'yan jabu. Don haka in kaga irin wannan bugun na baya ɗauke da hatimin Duwala ko Lome toh akwai magana. Abu na farko da zaka mallaka madubin ƙara girma ne mai ninki goma, da ɗan ma'aunin milimita, da hantsaki mai faffaɗan baki don kar ka riƙa taɓawa da yatsa. In kan sarkin mai hatimi ne ka duba inda rubutun da hatimin suka haɗu, dole tawadar hatimi ta kasance a sama domin sai da aka buga rubutun kafin a kai gidan waya, in ka ga rubutun ne ya hau kan hatimi magana ta ƙare. Ka juya bayansa ka karkata shi a haske, bugun maɗaba'a na wancan lokacin yana danna takarda har ya ɗan fito ta baya kuma tawadar tana taruwa a gefen harafi, na injin ofis na yanzu kuwa a kwance yake, wani lokaci ma zaka ga ɗigo-ɗigo. Sai ka gwada siffar haruffan da hoton wanda aka tabbatar, musamman ɗigon da ke bayan C da E da F.

Amma kar ka ɗauka jabu sabon abu ne da zaka gane don takardar tayi sabunta. François Fournier yana Janiba yana wannan sana'ar tun kafin 1917, Jean de Sperati ya kai ƙwarewar da sai da ƙungiyar dillalan Birtaniya ta saye kayan aikinsa a shekarun 1950 don ya daina, sannan akwai hatiman jabu sama da 400 na ƙasashen renon Ingila da aka sani da sunan Madame Joseph, waɗanda yanzu suke ajiye a hannun Royal Philatelic Society ta Landan. Jabun da ya shekara ɗari shima ya tsufa kamar na gaske. Shi yasa duk abinda kuɗinsa zai dame ka in ya ɓata, kar ka saya sai da takardar shaida mai hoto daga kwamitin ƙwararru, ko na Royal ɗin, ko BPA na ƙungiyar dillalan Birtaniya ɗin nan, ko masu binciken BPP na Jamus in kayan Jamus ne. Sa hannu da fensir a bayan kan sarki kaɗai bai isa ba, shima ana kwaikwayonsa.

Sai yaƙin Hitila, inda wasiƙun kakanka suka shigo. A 1941 birged ɗin Najeriya na cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu suka wuce Habasha. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka kai su Indiya daga nan Burma, suka yi kwarin Kaladan da Arakan, suka haɗu a Myohaung a Janairu 1945, bataliya uku na Najeriya kuma, ta 6 da ta 7 da ta 12, suna cikin Chindit, wato dakarun da ake kaiwa bayan layin Japanawa, a 1944. Sunayen nan ai har yau muna jinsu, barikin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung a Legas. Sarkin Katsina Usman Nagogo ma yaje har can ya gana da sojojin bayan hawansa sarauta.

Ambulan na wannan lokacin yawanci zaka ga On Active Service a sama, da hatimin gidan wayar soja wanda lamba ce kawai a ciki babu sunan gari don kar abokan gaba su san inda rundunar take, da wani hatimin mai lamba na hafsan da ya karanta wasiƙar tare da sa hannunsa. Masana sun bi waɗannan lambobin sun jera wacce runduna ce ke riƙe da kowacce a wane wata, da wannan ne ake gane ko wasiƙar daga Indiya ta taso ko daga cikin dajin Arakan, kuma farashin ya bambanta. Akwai kuma wata ƙaramar wasiƙa mai kama da hoto da ake kira airgraph, soja zai rubuta a fom a ɗauki hotonsa a ƙaramin fim na Kodak a kai da jirgin sama a wanke a can, an yi wannan daga 1941 zuwa 1945.

Toh ga abinda nake so ka ji da kyau. Kusan duk abinda ke yawo a gwanjo daga waɗannan rundunonin wasiƙun hafsoshi da sajan Turawa ne zuwa ga matansu da iyayensu a Ingila, don su iyalansu sun adana, ƙasarsu kuma babu gara. Wasiƙar da sojan Najeriya da kansa ya aiko gida, mai lamba da ta fara da NA, zuwa Kano ko Bauci ko Azare ta hannun hakimi ko wani akawun En'e, ko ya rubuta da boko ko da ajami ko wani abokinsa ya rubuta masa, wannan ita ce ba'a cika samu ba, dubban mutane suka je amma abinda ya tsira kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka abinda ke gidanku ta yiwu yafi abinda kake hange a katalog wahalar samu. Dan Allah kar ka ɓanɓare komai, kar ka raba wasiƙa da ambulan ɗinta, kar ka kai a yi musu laminatin don zafi da gam ɗin suna kashe takarda kuma babu mai saye ko gidan tarihi da zai so ta bayan haka, kar ka liƙe yagewa da salatif. Ka ɗauki hoton gaba da baya, ka zauna da dattawan gida su faɗa maka waye wane a cikin sunayen tun suna nan, ka rubuta a takarda daban. In akwai lambar wani abokinsa da bai dawo ba kana iya nemanta a shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, sunaye kusan 27,000 ne a jikin dutsen tunawa na Rangoon kuma akwai namu da yawa a ciki. Ni ra'ayina irin wannan ba na sayarwa bane, in gida ba zai iya riƙewa ba gara a yi magana da Arewa House ko gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

Wani fannin da nake ganin ya dace da mai farawa, kuma bai yi tsada ba tukuna, shine wasiƙun farar hula da aka tace. Daga 1940 jiragen yaƙi ana haɗa su a Takoradi su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yanzu, da El Fasher zuwa Khartoum da Alƙahira, wasiƙu ma sun bi wannan hanyar, zaka samu ambulan da aka yanka gefensa aka liƙe da takarda mai rubutun Opened by Examiner da lambar mai dubawa. A lokacin Nijar tana ƙarƙashin gwamnatin Vichy ta Faransa mai bin Jamus har Nuwamba 1942, Chadi kuwa gwamnanta Félix Éboué ya bi de Gaulle tun 26 ga Agusta 1940, Kamaru ta biyo washegari, shi yasa zaka ga kan sarkin Kamaru da aka buga wa 27.8.40 a kai. Ka duba taswira ka gani, Damagaram da Kano da Fort Lamy kusa da juna amma gwamnati uku, wasiƙa tsakaninsu sai ta yi zagaye ta sha hatimi. Mutum zai iya gina tari mai ma'ana akan wannan kaɗai.

Yaƙin basasa kuma, Biyafara ta fitar da kan sarkinta na farko a Fabrairu 1968, daga baya ta buga SOVEREIGN BIAFRA akan kan sarkin Najeriya da ta samu a gidajen waya. Bayan haka sai ga wasu masu malam-buɗe-littafi da furanni da wasannin Olamfik da aka buga a Turai, waɗanda yawancinsu kasuwar masu tarawa aka nufa dasu, sababbinsu suna nan birjik kuma basu da tsada, kar wani ya tsorata ka da farashi. Abinda ke da wuya shine ambulan da ya yi tafiya da gaske a cikin yankin, ko ya fita ta filin jirgin Uli zuwa Sao Tome ko Libreville, domin ƙungiyar gidajen waya ta duniya bata amince da Biyafara ba. Ɓangaren sojojin tarayya kuwa kusan babu mai kula dashi, alhali wasiƙun da suka zo arewa daga Enugu da Onica da Fatakwal tsakanin 1967 da Janairu 1970 suna nan a akwatunan gidaje. Abu ne mai ciwo ga kowane ɓangare, mutane da yawa sun mutu, wanda zai tara shi ya tara da mutunci.

Gwanjon kansa. Sanannun gidaje akwai Spink da Grosvenor da Stanley Gibbons a Landan, Cavendish a Derby, Heinrich Köhler da Christoph Gärtner a Jamus, Corinphila da David Feldman a Suwizalan, Siegel a Amurka. Duk suna saka katalog a intanet kyauta, kuma suna saka sakamakon gwanjon da ya wuce, wannan sakamakon shine makarantarka. Ka yi watanni kana kallo baka taya ba, kana rubuta abinda aka ƙiyasta da abinda aka sallama. Farashin da ke cikin littattafan farashin kan sarki na Gibbons ko Michel ko Yvert na kaya ne mai cikakkiyar lafiya a shagon dillali, a gwanjo sau da yawa ƙasa da haka ake sallamawa, wanda ya rasa haƙori ɗaya ko ya yi tsatsa ko aka sake masa gam kuwa ya faɗi warwas. Ƙiyasin da gidan gwanjo ya rubuta shima ba farashi bane, wani lokaci suna sa shi ƙasa don jawo masu tayi, kuma yawanci akwai adadin da mai kaya yace ba za'a sallama ƙasa dashi ba.

Inda ake ƙonewa shine la'ada. Kuɗin da aka buga guduma akai ba shi zaka biya ba, gidan zai ɗora la'adar mai saye wadda yawanci tana tsakanin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, sai kuɗin aikowa da inshora, wani wurin da haraji ko cajin kati, sannan ga canjin fam ko yuro zuwa naira. Misali ka ci kaya a fam 200, la'ada kashi 22 ta zama fam 44, kafin a kawo maka ka doshi fam 270. Saboda haka daga sama zaka fara lissafi, ka yanke duka-duka nawa zaka iya, ka cire waɗannan, abinda ya rage shine iyakar tayinka. Ni shawarata ka aika tayin a rubuce kafin ranar ka rufe kwamfutar, gidan zai taya maka a hankali har iyakar da ka basu kuma in an tsaya ƙasa da haka a ƙasan zaka samu. Zama a gaban allo ana tayi kai tsaye yana sa zuciya ta hau, kaga wani ya ɗara ka da fam goma kace ai ba zai fi ni ba, haka ake wuce iyaka. Kuma ka sani tayi alkawari ne, in ka ci dole ka biya cikin kwanakin da suka sa, don haka ka tabbatar da hanyar biyanka tun kafin, katin naira ba kullum yake wucewa ba.

Ka karanta sharuɗɗansu akan mayar da kaya. Gidajen kirki suna yarda ka nemi a baka lokaci ka tura kayan wa kwamitin ƙwararru, in ya fito jabu su mayar maka da kuɗinka, amma yawanci sai ka faɗa kafin gwanjon ko nan take bayansa, kuma wannan bai shafi tarin da aka sayar a dunƙule ba, kwali ko albam guda yadda ka gan shi haka ka saya. Ka nemi hoton baya kullum, suna turowa in ka tambaya. In an rubuta cewa kayan ya fito daga tarin wani sanannen mai tarawa wannan ƙarin kwanciyar hankali ne don an daɗe ana ganinsa. A eBay da Delcampe akwai mutanen kirki kuma nan ne zaka samu ƙananan ambulan masu araha, amma duk wanda ya saka babban Togo ko G.R. Mafia, wato na Jamus da Turawan Ingila suka buga wa rubutu a tsibirin Mafia na Tanzaniya, da kuɗin cefane yace shi bai san komai akai ba a kayan gado ya samu, wuce kawai. Haka kan sarki mai kan Hitila, an buga su da yawan gaske, tsufa da hoton yaƙi basu sa abu ya zama mai wuyar samu.

Riba kuwa, ba zan ruɗe ka ba. Ka biya la'ada wajen saye, in ka tashi sayarwa gidan zai sake cire tasa la'adar daga wajenka, kenan sai kayan ya tashi sosai kafin ka dawo da uwar kuɗinka. Kan sarkin da yafi kowanne suna a duniya, na British Guiana mai darajar senti ɗaya, an saye shi kusan dala miliyan 9.5 a 2014, da aka sake kai shi gwanjo a 2021 dala miliyan 8.3 ya yi. In wannan zai iya sauka toh komai zai iya. Waɗanda na ga sun fita da riba sune waɗanda suka zaɓi fanni ɗaya ƙarami suka san shi fiye da mai rubuta katalog, har suna gane hatimin da aka yi wa bayani ba daidai ba a cikin kwalin da kowa ya wuce. Don haka ka zaɓi abu ɗaya, ko Kamaru 1914 zuwa 1916, ko runduna ta 81 da 82, ko wasiƙun da suka ratsa Kano lokacin yaƙi, ka nemi shiga West Africa Study Circle, suna da mujalla mai suna Cameo kuma membobinsu suna amsa tambaya, akwai kuma Forces Postal History Society don ɓangaren soja zalla.

In kayan sun iso, yanayinmu ne babban abokin gaba. Laimar damina tana sa gam ya manne da takarda ya kuma kawo ɗigon tsatsa, gara da kyankyaso suna cin gam da takarda, zafin rufin kwano yana busar da ita ta riƙa karyewa. Ka sa kowane ambulan a rigarsa ta leda irin wadda aka yi don adana takardu, banda ledar PVC mai laushi mai wari don tana fitar da mai, ka jera albam a tsaye kar ka ɗora su kan juna, cikin akwatin da ke rufuwa sosai tare da 'yan ƙunshin silika masu shan laima, nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa, kuma ka riƙa buɗewa kana dubawa musamman daga Yuli zuwa Satumba. Saboda wannan ne ma nake ba mai zama a nan shawarar ya fi karkata ga masu hatimi da ambulan akan sababbi masu gam, don sabon da ka biya kuɗi mai yawa saboda gam ɗinsa damina ɗaya tana iya rage masa rabin daraja. Wajen aikowa kuma ka ce a turo da rajista mai lambar bibiya ko ta kamfanin kai saƙo, kuma ka roƙi a sa kwali mai tauri gaba da baya a naɗe da leda.